Kilo Sittin da Uku da Rabi

Ranar da Japheth ya sauka daga motar Kaduna a tashar Saminaka, uwarsa Helen ba ta amsa gaisuwarsa ba sai da ta ɗage masa riga a gaban jama'a ta duba haƙarƙarinsa. Ga su nan reras, kowanne ya fito yana shan iska. Ta saki rigar, ta riƙe haɓa.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi maka haka?"

"Mama, aiki ne. Koci ne ya ce..."

"Shi kocin ba shi da uwa?"

Shekara tara ke nan Japheth yana Kaduna. Da rana ya ɗauki bulo a wurin gini, da yamma ya je ya yi damben Turawa, wato irin wanda ake sa safar hannu mai kumburi, a hau dandamali mai igiya, a yi ta jibgar juna har sai an kaɗa ƙararrawa. Ya ci mutum goma sha huɗu, an ci shi sau ɗaya. Yanzu kuwa an kira shi Abuja, nan da mako uku, ya kara da mai riƙe da kambun ƙasa na ajin nauyinsu, wani ɗan Fatakwal da ake wa laƙabi da Tifa. Ana cikin shiri iska ta yaye rufin ɗakin da suke atisaye, shi ne kocin ya turo shi gida ya riƙa gudu a hanyar bakin daji, ya haɗo shi da takardar abin da zai ci da wanda ba zai ci ba. Helen ta karanta takardar, ta ga ganye da dafaffen ƙwai da ruwa, ta hura wuta da ita.

Shi damben Turawan nan yana da wata doka da mai hankali ba zai yarda da ita ba. A damben gida mutum kan shigo fili da jikin da Allah Ya ba shi, in ƙato ne ƙato, in ɗan firit ne ya yi ta kansa. Su kuwa sai sun auna mutum kamar waken soya. Ajin Japheth kilo sittin da uku da rabi ne. Ranar Juma'a, jajibirin wasa, za a ɗora shi a sikeli a gaban 'yan jarida, in allura ta wuce ko da ƙiris, babu dambe, babu kambu, a kira wani. Duk ya yi wa uwarsa wannan bayani tun a hanya, amma ta bayan kunnenta ya bi, domin a lokacin tana tunanin wace kaza za ta fara yankawa.

Kafin Japheth ya wanke ƙafa ya samu manaja, ba tare da ya nema ba. Malam Dabo ne, mai sayen waken soya da ƙwarar kaɗanya a rumfar bakin kasuwa, mutumin da ko atishawa ka yi sai ya duba ko da riba a ciki. Bai taɓa ganin damben Turawa ba sai a waya, amma ya lura da abu ɗaya: gajeren wandon 'yan damben cike yake da rubutu, kuma an gaya masa kowane rubutu biya ake yi. Shi ke nan, ya buɗe kasuwar wando.

Mai kemis ya sayi fili. Mai takin zamani ya saya. Mai shayi, ƙungiyar 'yan acaɓa, matan zumunta na coci, har wani mai gyaran rediyo daga Kutemeshi, kowa ya zo da abin da yake da shi, wani kuɗi, wani zakara, wani kwalbar zuma. Ruƙayyatu tela, maƙwabciyar Helen kuma aminiyarta, ita ke ɗinka sunayen, kuma da fili ya ƙare sai ta riƙa ƙara ƙyalle, har gajeren wando ya wuce gwiwa ya doshi ƙwauri. An yi rigima a kan bayan wandon. Mai kemis ya kafe nan yake so, ya ce shi ɗan kasuwa ne, in yaron ya faɗi rub-da-ciki nan kyamara za ta haska, saboda haka ko an ci ko ba a ci ba sunansa zai fito. Mai shayi ya ce wannan rashin imani ne, ya zaɓi gaba. Malam Dabo ya keɓe wa kansa ƙugu gaba ɗaya, ya kuma yi shatar doguwar mota da za ta kwashi 'yan kallo zuwa Abuja.

To, duk wanda sunansa ke jikin wando sai ya ga ai jikin da ke cikin wandon ma nasa ne, kuma bai kamata ya je Abuja a rame ba. Sai kwanoni suka fara shigowa gidan Helen. Kaka ce, sabuwar masara ta shigo, doya ta faɗi. Tuwo da miyar kuɓewa daga wancan gida, faten doya daga wannan, dambun zogale, ƙosai, fura da nonon da matan ruga ke kawowa. A garin nan kuwa ba a mai da kwano da abinci a ciki, sai in gaba kake nema. Helen ta yi ta jin daɗi, tana jera su a gaban ɗanta.

"Mama, sikeli," in ji Japheth.

"Sikelin ya zo ya same ni."

Sikeli ɗaya ne a kusa da ke iya ɗaukar mutum a sanin maza, wato na rumfar Malam Dabo, irin mai ƙugiya da ake ratayewa a reshen mangwaro. Kullum da safe, bayan ya dawo daga gudu, Japheth kan shiga buhu ya naɗe ƙafafu, majiya ƙarfi biyu su ɗaga shi su maƙala a ƙugiya, kansa kaɗai a waje yana juyawa a hankali. Jama'a su taru su yi tsit. Malam Dabo ya gyara tabarau, ya ƙwanƙwasa gilashin sikelin da ɗan yatsa, sannan ya yi shela.

"Sittin da biyu! Da sauran fili!"

A yi tafi. Daga nan a koma teburin mai shayi a ci gaba da damben da baki. Masu cewa Japheth zai gama da Tifa a turmi na uku suna gefe ɗaya, masu cewa na biyar suna gefe ɗaya, kuma babu ko ɗayansu da ya san turmi nawa ake yi. Wani tsoho ya ba da shawara a ɗaure wa yaron hannu ɗaya da igiya kamar yadda iyaye suka saba, aka ce masa can da hannu biyu ake duka, ya ce to wannan ai faɗa ne, ba dambe ba.

Duk wannan raha ce a wurin Helen, har ranar da ta shiga shagon Ruƙayyatu ta tarar da mata sun yi cincirindo a kan waya. Hoton damben Tifa na baya aka turo. Ta leƙa. Ta ga wani baƙin mutum mara wuya, kansa a dashe kan kafaɗa, yana tafe a hankali ba gaggawa. Ya kai wa abokin karawarsa hannu ɗaya tak. Mutumin ya zube, ya miƙe, ya yi murmushi, ya taka ya rungume alƙalin wasa yana shafa masa baya, sannan ya nemi fita ta tsakanin igiya da kansa a gaba. Mata suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Helen ba ta yi ba. Ita abin da ta gani shi ne mutumin nan ma wata ce ta haife shi. Tsoro ya kama ta, ta koma gida ba sallama.

Ta sami Japheth yana dukan buhun yashi da ya rataya a jikin rumbu.

"Kai, sake gaya mini maganar nan ta awo. In ka wuce, me ka ce za a yi?"

"Ba za a yi damben ba, Mama."

"Ko kaɗan? Ba wanda zai taɓa ka?"

"Ba wanda zai ko kalle ni."

"To," in ji ta. Ta shiga madafa ta ɗora tukunya.

Washegari ta bi jama'a zuwa gindin mangwaro. Aka rataya ɗanta, Malam Dabo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce sittin da biyu. Yadda ya ƙwanƙwasa ɗin ne ya tuna mata, domin shekara goma sha biyar tana ganin wannan ɗan yatsan a kan wannan gilashin duk lokacin da ta kawo kaɗanyarta daga daji. Duk macen da ta taɓa sauke kaya a rumfar nan ta san sikelin Malam Dabo yana da ciki, wato yana cin wani abu a kowane buhu kafin ya faɗi sauran. Nawa yake ci, ba wadda ta sani daidai. Ba a dai faɗa, domin shi kaɗai ke kawo mota har nan, kuma mata sun daɗe da samun hanyar ramawa, ɗan yayyafin ruwa yau, 'yar tsakuwa gobe, kowa ya tafi yana ganin shi ne mai wayo. Maza kuwa ko sun sani ba za su yarda an cuce su ba. Shi kansa Malam Dabo ya daɗe da murɗa wayar cikin sikelin, ya kuma yi ta rantsuwa a kansa shekara da shekaru, har ya kai ga yarda da rantsuwarsa.

Ashe ke nan yaron nan da ke lilo a buhu ya wuce sittin da biyu, wataƙila ma ya wuce da nisa. In aka bar shi haka zai je Abuja, a ɗora shi a sikelin gaskiya, a ce masa ya koma gida. Zai dawo da kansa a kan wuyansa yadda ya tafi. Kuma ita ba abin da za ta yi, shiru kawai.

Ta juya, suka haɗa ido da Ruƙayyatu, ta gane ita ma tunanin ya zo mata.

"Maman Japheth," in ji Ruƙayyatu a hanya, murya ƙasa-ƙasa, "ai kin san sikelin nan..."

"Wane sikeli?"

"Haba ke kuwa. Gara a gaya wa yaron nan tun da wuri."

"Ruƙayyatu, ni na taɓa shiga tsakaninki da 'ya'yanki? Ki ji da ɗinkinki."

Daga ranar Helen ta ɗaura ɗamarar girki. Da can don kunya take ciyar da shi, kada a nuna ɗanta a talabijin a ce ga ɗan Helen kamar wanda ya tashi daga jinya. Yanzu kuwa da manufa take yi. Ta ƙara man gyaɗa a miya, ta zuba man shanu a ƙasan tuwo inda ba zai gani ba, ta sa zuma a kunu ta ce masa maganin sanyi ne. Kwanon da ya zo rabi sai ta cika shi kafin ta miƙa. Kumatun Japheth suka fara dawowa, allurar Malam Dabo ta ɗan motsa, in ya ƙwanƙwasa gilashi ta koma, jama'a na tafi. Helen ma tana tafi, amma ba ta iya kallon buhun.

Ranar Asabar, saura kwana shida awo, ta yi masa abin da ya fi so a duniya, tuwon sabuwar masara da miyar karkashi da naman zabo. Ya zauna a kan turmi ya ci, yana lumshe ido, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi dariya shi kaɗai.

"Mama, bari in gaya miki wata dabara da ko koci bai sani ba. Da ya ce zai turo ni gida, sai na ƙara matse kaina. Kwana goma ina kwana da yunwa, na sauke kilo ɗaya da rabi fiye da yadda ya ce. Na san ba zan iya ganin tuwonki in kau da kai ba, shi ne na buɗe masa gurbi. Kin ga sittin da biyun nan? Abin da ke tsakaninsa da sittin da uku da rabi, naki ne."

Helen ta tsaya da ludayi a hannu.

"In aka ce ka wuce fa?" ta tambaya. "Ai sai a sa wata rana."

"Babu wata rana. Shekarata ashirin da tara, Mama. Akwai yara goma a bayana suna jiran a kira su. In na kunyata masu shirya wasan sau ɗaya, an gama da ni, sai bulo har tsufa." Ya miƙa mata kwano. "Amma kada ki damu, kullum ina hawa sikeli. Ɗan ƙara mini miyar."

Ba ta ƙara masa ba. Ta ɗauke kwanon, ta ɗauke tukunyar, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Kunya ce ta rufe ta, da haushi, kuma ta rasa wanda za ta ji haushinsa, Tifa ko Dabo ko kocin nan mara uwa. Yaro ya kwana da yunwa kwana goma don ya ba tuwonta wuri, ita kuma ta ɗauki tuwon tana haƙa masa rami da shi. Har yanzu ba ta son a doke shi. Ko kaɗan ba ta so. Amma ta ga in ya dawo daga Abuja ba a taɓa shi ba, ba ɗanta ne zai dawo ba, wani mai ɗaukar bulo ne da zai riƙa gaishe ta da ladabi.

Litinin ranar kasuwa ce, gindin mangwaro ya cika maƙil da manoma da buhunansu. Helen ta bari sai da aka rataya Japheth, Malam Dabo ya ƙwanƙwasa gilashi ya buɗe baki, sannan ta ratsa taron ta tsaya a gabansa.

"Malam Dabo, ina kwana. Kilo nawa sikelin nan yake ci?"

Japheth yana juyawa a buhu, in ya fuskanto su ya zaro ido, in ya ba su baya ya yi ƙoƙarin waiwayowa.

"Subhanallahi! Maman Japheth, wace irin magana ce wannan da sassafe? Sikelin nan daga kamfani..."

"Ban zo faɗa ba. Kaɗanyata ta wuce, na yafe. Amma ranar Juma'a za a ɗora yaron nan a sikelin da ba a murɗa ba. In ya wuce, babu dambe. In babu dambe, ba mai ganin wando. Motar da ka yi shata kuma sai dai ka kai mutane su ga titin Abuja su dawo. To, nawa yake ci?"

Nan Malam Dabo ya ga abin da bai taɓa gani ba, ribarsa ta yau ta shaƙe ribarsa ta kullum. Ya dubi manoma, ya dubi buhun da ke lilo, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

"To... kin san ƙarfe da damina. Wataƙila rabin kilo."

"Ƙara dai," in ji Ruƙayyatu daga baya.

"Ɗaya. Don Allah a bar shi a ɗaya."

"Albarka," in ji wata tsohuwa mai kaɗanya.

"Ɗaya da rabi, wallahi ko ni ban samu haka ba!"

Aka yi ta ciniki kamar ana sayen akuya, yana hawa da rabi-rabi, mata na cewa bai kai ba. Da aka zo biyu da rabi sai ya fashe, ya ce shi fa tsakani da Allah ya manta, abin ya daɗe. Nan ne Japheth ya yi magana daga cikin buhu, ya ce don girman Allah a sauke shi.

Mata ne suka san inda sikelin gaskiya yake, domin kowaccensu ta hau shi. Yana ƙaramin asibitin gari, inda Sista Mary ke awon masu ciki. Kasuwa ta watse ta bi su can. Sista Mary ba ta san wani ɗan dambe ba, ta ce layi layi ne, saboda haka mai neman kambun ƙasa ya zauna a benci tsakanin mata masu ciki bakwai, da wandonsa mai sunaye, yana matsawa gaba in an kira ta gabansa. Da aka zo kansa ya hau. Sista Mary ta duba, ta sake dubawa.

"Sittin da shida."

Malam Dabo ya ce wandon ne, ƙyalle ya yi masa yawa. Aka kewaye Japheth da zannuwa ya tuɓe, aka sami ragin abin da bai kai nauyin albasa biyu ba. Manoma suka yi lissafin da ke tsakanin sittin da biyu da sittin da shida, suka juyo gaba ɗaya suna neman Malam Dabo, amma takalmansa kawai suka tarar a bakin ƙofa.

Da suka fito, Japheth ya matso kusa da uwarsa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Mama, tun yaushe kika sani?"

"Tun kwana goma."

Ta so ya yi mata tsawa, da ya fi mata sauƙi. Bai yi ba.

"Kilo biyu da rabi a kwana uku," ya ce a hankali. "Alhamis motar za ta tashi."

"To me kake tsaye yi? Ka ruga!"

Abin da Saminaka ta gani a kwana ukun nan ba ta taɓa gani ba. Matar da ba a taɓa shiga gidanta a fito da yunwa ba ta ɗauko kujera ta zauna a ƙofar gida da taɓarya a kan cinya. Kwano ya zo, ta buɗe, ta yaba, ta rufe, ta ce a mai da. Matar mai kemis ta yi fushi. Matan zumunta suka aiko wakilai biyu su ji ko wani laifi suka yi. Wata da suka yi shekara ashirin suna musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ta daina gaishe ta a rijiya. Helen ta shanye duka. Ta sa aka kira kocin a waya ya sake karanto takardar da ta ƙona, ta ce masa har yanzu ba ta yarda yana da uwa ba, amma ya yi magana a hankali tana rubutawa. Ta dafa ganye ba mai ba gishiri, ta tsaya a kan ɗanta har ya haɗiye, ita ma shi ta ci, don ba za ta iya tauna nama yana kallo ba.

Shi kuwa gudu yake, safe da yamma, sanye da rigar leda da ta buhu a kai, daga bayan gari zuwa inda gonaki suka ƙare itatuwan daji suka fara. Ba shi kaɗai ba. Malam Dabo ya gano cewa manoma na zaune a rumfarsa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, sai ya tuna aikin manaja ne ya raka ɗan wasansa. Haka za ka gan su, Japheth a gaba, Malam Dabo can baya da babbar riga a naɗe a kafaɗa yana haki yana kiran sunayen Allah. Mutumin da tsoron ɓarayin dajin nan ya hana shi zuwa gonarsa shekara uku, ga shi yau ya ga bakin dajin ya fi masa kasuwa kwanciyar hankali.

Ranar Alhamis da hantsi doguwar mota ta tsaya a ƙofar asibiti, an cika ta har kan rufi, mai shayi da tutarsa, matan zumunta da ankonsu. Sista Mary ta ce yau ta ɗage layi. Japheth ya hau sikeli, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe.

"Sittin da uku da ɗigo bakwai."

Aka yi salati, aka kira sunan Yesu, duk a lokaci ɗaya. Wani ya ce ya yi ta tofar da yawu, aka miƙa masa gwangwani. Wani ya ce ya ɗaga ƙafa ɗaya. Helen ta dubi ɗanta daga ƙasa zuwa sama tana neman abin da ya rage a jikinsa da za a iya cirewa, idonta ya tsaya a kan sumar da ya tara, wadda yake taƙama da ita tun yana saurayi.

"A ba ni reza."

Ta zaunar da shi a bencin masu ciki, ta jiƙa kan da ruwan sabulu, ta kama aski. Yana tofi a gwangwani, tana sharɓe suma, gari guda na leƙe ta taga. Da ta gama, ya je bayan gida ya dawo, ya sake hawa. Sista Mary ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Sittin da uku da ɗigo huɗu."

Asibiti ya ɗauki sowa. Direba ya danna oda, mata suka rangaɗa guɗa, kuma guɗar Helen ta fi ta kowa tsawo. Sai da ta sauke numfashi sannan abin da ta yi ya iso mata: da hannunta ta gyara ɗanta tsaf ta miƙa wa Tifa. An tanadar mata kujerar gaba a motar, ta ce a ba wani, ita ba za ta iya kallo ba.

Japheth ya durƙusa ya yi mata sallama, ana ta kiransa daga mota. Zai miƙe ta riƙe shi. Ta tallafi fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Ta shafa girarsa da babban yatsa, ta bi karan hancinsa har ƙasa, ta ce ya buɗe baki, ta duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ana jira na. Me kike nema?"

"Ba abin da nake nema," in ji ta. "Tsaya kawai in ƙara ganin fuskar nan yadda na haife ta."